Karatun Likita: A Bi Miƙaƙƙiyar Hanya Ko Mai Zango-Zango?

(Daga filin ilimi na daren Alhamis. An rubuta jawabin kamar yadda aka gabatar da shi, an cire sanarwa da gaisuwar masu kiran waya.)

   

Maganarmu ta yau wani dattijo ne ya jawo ta, daga wani ƙauye kusa da Ƙala'at an-Nahal. Ya aiko mana da saƙon murya, ya ce kada a faɗi sunansa, kuma ba za mu faɗa ba. Makiyayi ne, yana da tumaki, yana kuma ɗan taɓa noman riɗi. 'Yarsa ta zauna jarrabawar Shahada Sudaniya a ɓangaren kimiyya, ta fito da sakamako mai kyau, tamanin da 'yan kai cikin ɗari. Ita dai tun tana ƙarama likita take so ta zama. To amma makin nata bai kai na shiga likitanci ta ƙabul na gama-gari ba, wato kujerar da gwamnati ke ɗaukar mafi yawan nauyinta.

Yanzu shawara ta rabu gida uku. Wasu sun ce ya sayar da dabbobi ya biya mata kujerar kuɗi, ta shiga likitanci kai tsaye. Wasu sun ce ta karɓi abin da makinta ya ba ta, aikin jinya ko gwaje-gwajen asibiti, in ta gama sai ta nemi likitancin daga baya. Wani ɗan'uwansa kuma da ke Kano ya ce a turo ta can. Dattijon ya rufe saƙonsa da cewa: "Ɗana, ni ban yi boko ba. Burtali na sani. Ka gaya mini wace hanya ce ke kai wa ruwa."

To Baba, Allah ya ƙara girma. Ni ba likita ba ne, takardar aikin jarida gare ni. Amma na yi tambaya, na zauna da ɗalibai da waɗanda suka gama, kuma ni kaina wannan mararraba ta taɓa cin ƙafata, zan ba ku labarin in mun yi nisa. Na san kuma ba ku kaɗai ba ne. Akwai mai shago a Hawata, akwai mai lodin albasa a Gallabat, da wannan tambayar ke hana su barci.

Bari mu fara da sanin hanyoyin, domin a duniya hanya biyu ce ake bi a zama likita.

Ta farko ita ce miƙaƙƙiya. Yaro ya gama sakandare, ya shiga kwalejin likitanci, ba ya sauka sai ya fito da digirin likita. Ita ce tamu ta nan Sudan tun lokacin da aka buɗe makarantar likitanci ta Kitchener a Khartum a 1924, wadda daga baya ta zama kwalejin likitanci ta Jami'ar Khartum. Ita ake bi a Jami'ar Jazira da ke Wad Madani, da Jami'ar Kassala, da tamu ta Gadarif wadda aka kafa a 1994. Shekara biyar ne zuwa shida, gwargwadon jami'a. Bayan nan sai shekarar imtiyaz, inda sabon likita zai yi aiki a asibiti ƙarƙashin manya kafin Majalisar Likitoci ta Sudan ta yi masa cikakkiyar rajista.

Ta biyu ita ce mai zango-zango. Yaro ya fara yin wani digiri, ya karɓi takardarsa, sannan ya nemi shiga likitanci. A Amurka wannan ita ce babbar hanya: shekara huɗu a digirin farko, sai wata jarrabawa mai tsanani, sai wasu shekara huɗu a makarantar likitanci. Su a can, miƙaƙƙiyar ce baƙuwa. Wasu jami'o'i ne kawai ke haɗa karatun biyu a igiya ɗaya, shekara bakwai ko takwas, su ajiye wa yaro kujera tun yana gama sakandare, da sharaɗin kada makinsa ya faɗi. Iyaye a can ma suna irin wannan muhawara tamu: a ɗaure yaro ɗan shekara sha takwas da alkawarin shekara takwas, ko a bar shi ya girma ya zaɓa? Kun ga ashe ciwon ba namu ba ne mu kaɗai.

Sai dai akwai bambanci, kuma a nan ne ake yaudarar mutanenmu. A Amurka an gina gada tsakanin zangon farko da na biyu, kowa ta kanta yake bi. A nan Sudan babu wannan babbar gada. Akwai abin da ake kira tajsir, i, amma aikinsa shi ne ya ɗaga mai difloma zuwa digiri a fannin da ya karanta. Mai diflomar jinya ya zama mai digirin jinya. Ba ya mayar da ma'aikacin jinya likita. Saboda haka duk wanda ya ce muku "ta shiga jinya tukuna, bayan shekara ɗaya za mu juya ta zuwa likitanci," ku ce ya nuna muku a rubuce, a cikin littafin Dalilul Ƙabul na Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi, shafi kaza, layi kaza. In ya fara kame-kame, ku riƙe kuɗinku.

Ga labarin da na yi muku alkawari. Shekarar da na gama sakandare, ni ma maki na bai kai ba. Wani mutum mai yawan shiga ofisoshi ya zo wurin mahaifina ya ce ya san hanya. In shiga sashen kimiyya a wata kwaleji, shi zai sa a mayar da ni likitanci a shekara ta biyu. Mahaifina ya sayar da karsana biyu, ɗaya kuɗin makaranta, ɗaya na mutumin. Na yi shekara guda ina karatu kamar raina zai fita. Da na je ofishin rajista da maganar canji, ma'aikacin ya dube ni ya ce, "Wa ya gaya maka ana yin haka?" Mutumin kuwa wayarsa ta daina shiga. Ban zama likita ba, ga ni nan ina yi muku surutu a rediyo, kuma alhamdu lillahi. Amma karsanan nan biyu, da yanzu sun zama garke. Har yau in mahaifina ya tuna sai ya yi shiru. Don haka in na ce ku nemi takarda, ba daga littafi na karanto ba.

To Nijeriya fa, tunda an ambaci Kano? Can hanyoyin biyu duka suna nan. Wanda ya ci jarrabawar JAMB da maki mai yawa yana shiga kai tsaye, shekara shida, a irin su Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Wanda kuma ya riga ya yi digiri mai kyau a fannin da ya danganci lafiya yana iya neman shiga daga aji biyu, ya yi shekara biyar. Ku lissafa: huɗu da biyar, tara ke nan, ban da shekarar hidimar ƙasa da ta koyon aiki a asibiti. Kuma kujerun kaɗan ne, domin majalisar likitocin Nijeriya ta ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta ɗauka. 'Yan ƙasar ma da yawa suna nema shekara da shekaru ba su samu ba.

Sannan Baba, ku yi mini haƙuri in faɗi wata gaskiya. Kakanninmu daga can suka taso, wasu a hanyar hajji suka yada zango a nan, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903 suka biyo Mai Wurno. Zumunci yana nan, Allah ya ƙara danƙo. Amma ofishin jami'a ba ya karanta zumunci, fasfo yake karantawa. Yarinya mai takardun Sudan baƙuwar ɗaliba ce a Kano, ko da Hausarta ta fi ta 'yan Kurmi daɗi. Za a auna shahadarta, za a nemi Turancinta, domin da Turanci ake koyar da komai. Yarinyar da ta yi sakandare da Larabci tana bukatar lokaci kafin kunnenta ya buɗe. Ba na ce ba zai yiwu ba. Na ce a tambayi ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'ar da kanta, a samu amsa a rubuce, kafin a sayi tikiti.

Masu bin hanyar Matamma za su ce ga Gondar nan kusa. Gaskiya ne, tsohuwar makarantar lafiya ce, tun 1954 take horar da ma'aikata. Amma can ma Turanci ne, kuma ku da kuke kai kaya kun fi ni sanin cewa a 'yan shekarun nan hanyar ba kullum take buɗe ba. Makarantar da ba za ka iya kai wa ɗanka guzuri ba, ba za ka iya ɗauko shi ba in ta ɓaci, a sa wannan ma a sikeli.

Yanzu mu zo kan abin da yaƙi ya koya mana, domin shi ne zuciyar maganar.

Kafin 15 ga Afrilu 2023, in ka tambayi kowa zai ce miƙaƙƙiya ta fi, ba ja. Ta fi gajarta, kujerarka a hannunka take. Sai aka wayi gari jami'o'in Khartum sun rufe. Mutane suka gudo Madani, a Disamba 2023 Madani ma ta faɗa cikin yaƙin. Mu nan Gadarif mun ga abin da idonmu, makarantu sun cika da masu gudun hijira. Ita kanta Shahada Sudaniya ta 'yan 2023 ba a zauna ta ba sai ƙarshen Disamba 2024. Wasu jami'o'i sun koma koyarwa ta intanet, suna shirya jarrabawa a garuruwan da ke da sauƙi. Wasu ɗaliban likitanci har Tanzaniya da Ruwanda aka kai su don su ƙarasa. Ɗaliban Nijeriya da ke karatu a Khartum aka kwashe su ta Masar da Bur Sudan, suka koma gida suna neman jami'ar da za ta karɓe su.

A cikin wannan hargitsi, ku dubi yara biyu. Ɗaya yana aji huɗu a likitanci. Ya san sassan jikin mutum, ya san magunguna, ya fara zagayen ɗakin marasa lafiya. Amma a hannunsa babu takardar da ta wuce ta sakandare, domin miƙaƙƙiyar hanya a ƙarshenta take biya. Ɗayan kuwa ya gama diflomar jinya ko ta gwaje-gwaje ta shekara uku. Shi da aka buɗe sansanonin 'yan gudun hijira, aka shiga neman ma'aikatan lafiya, yana da abin nunawa. Ya samu aiki, ya ciyar da gidansu, har da gidan maƙwabta.

Ku makiyaya kun fi kowa gane wannan. Akwai burtalin da ke yanke daji, kwana uku ka isa kogi, amma babu rijiya ko ɗaya a tsakani. Akwai mai zagaye, kwana shida, amma kowane zango da ruwansa. Wanda dabbobinsa ke da ƙarfi, ya ɗauki guzurin ruwa, ya tabbata babu abin da zai tsare shi, yankewa ta fi masa. Wanda ke da raunana da masu ciki, in ya yanke, zai iya rasa duka. Ba a tambayar wane burtali ne ya fi kyau. Ana tambayar wane garke ne za a kora.

Saboda haka ga tambayoyi huɗu. Ku zauna da iyali bayan sallar isha'i ku amsa su tsakani da Allah.

Ta farko, kuɗi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a lissafa kuɗin shekarar farko kawai. Ana ganin an iya biyan ta, sai a ce bismillah. Ku lissafa shida, ku ƙara ta imtiyaz, domin a wannan shekarar ma ba a dogara da abin da likita ke samu. Ku sa kuɗin ɗaki, da abinci, da mota, da littattafai, da waya mai intanet. Kuma kada ku yi lissafin da fam, domin kun ga yadda yake narkewa, kuɗin makaranta kuma yana bin sa a guje. Ku yi da abin da kuka sani. A ce, misali nake yi ba farashi nake faɗa ba, shekara ɗaya tana cin raguna goma sha biyar. Shekara shida raguna casa'in ke nan. To garkenku yana haifar goma sha biyar ɗin da za a fitar kowace shekara bayan an ci, an yi zakka, an sayi magani da dusa? In daga 'ya'yan za a riƙa biya, madalla. In kuwa tun shekara ta biyu za a fara kama uwaye, to a shekara ta huɗu babu uwa babu ɗa, yarinya kuma tana tsakiyar kogi. Ɗan kasuwa ma haka: daga riba za a biya, ko daga uwar kuɗi? Kuma ku sa shekara guda ta fari a lissafin. A cikin shekara shida, da wuya damina shida su yi kyau a jere, da wuya riɗi ya yi daraja sau shida a kasuwar amfanin gona ta Gadarif.

In 'yan'uwa sun ce za su taimaka, alhamdu lillahi, amma a zauna a faɗi wa zai ɗauki wace shekara. "Za mu duba" ba ta biyan kuɗin rajista. Kuma a tuna da ƙannenta. In karatun mutum ɗaya zai fitar da yara huɗu daga makaranta, wannan ma farashi ne, ko da ba a rubuta shi a rasit ba.

Ta biyu, makarantar. Tun daga 1990 da aka faɗaɗa ilimi mai zurfi a ƙasar nan, kwalejojin likitanci suka yawaita, na gwamnati da na 'yan kasuwa. A cikinsu akwai nagari, akwai kuma waɗanda allon ƙofarsu ya fi abin da ke ciki kyau. Kafin ku ba da ko fam ɗaya, ku tambayi abu uku. Sunanta yana cikin littafin ƙabul na ma'aikata na wannan shekarar? Majalisar Likitoci ta Sudan tana yi wa waɗanda suka gama ta rajista? A wane asibiti ɗalibanta ke koyon aiki, kuma asibitin yana aiki yanzu? Wannan ta ukun kada ku raina ta. Ana iya koyon sunayen ƙasusuwa ta waya, amma ba a koyon karɓar haihuwa ta waya. Ku nemi ɗalibin aji biyar na makarantar, ba ma'aikacin da ke karɓar kuɗi ba, ku tambaye shi yaushe rabonsa da ya taɓa maras lafiya. Matambayi ba ya ɓata.

Wanda kuma ke tunanin ɗansa zai yi aiki a wata ƙasa, ya sani kowace ƙasa da ƙofarta. Wanda ya yi karatu a waje, in ya koma Nijeriya sai ya zauna jarrabawar majalisar likitocinsu kafin a ba shi lasisi. Akwai kuma kundin makarantun likitanci na duniya a intanet, duk wani yaro mai waya zai iya duba muku ko sunan makarantar yana ciki. Sannan duk shekarar da aka gama, a karɓi takardar sakamako mai hatimi, a ɗauki hotonta, a ajiye kwafi a gida. Ɗalibai da yawa da suka gudo daga Khartum, abin da ya tsare su a ƙofar wasu jami'o'in shi ne rashin wannan takarda.

Ta uku, yarinyar ko yaron. Wa ke son likitancin, shi ko ku? Iyayena, ku gafarce ni. Sunan "Abu Daktor" yana da daɗi a majalisa, na sani. Amma ba ku ne za ku kwana kan littafi shekara shida ba, ba ku ne za ku tsaya kan gawa a ɗakin koyon sassan jiki ba. Miƙaƙƙiyar hanya tana sa ɗan shekara sha bakwai ya yanke hukuncin rayuwarsa gaba ɗaya. Wasu sun san abin da suke so tun a lokacin. Wasu kuwa sai sun shiga suke gane ba wurinsu ba ne, kunya ta hana su faɗa, su yi ta faɗuwa jarrabawa har a sallame su. Gwaji mai sauƙi: ku nemi izini a asibitin da ke kusa da ku, yaron ya yi mako biyu yana taimakawa, ko da miƙa ruwa ne da kiran layi. Ya ga jini, ya ji wari, ya ga uwar da ta rasa ɗa. In ya dawo yana ƙara so, to da gaske yake. Ku kuma duba Turancinsa, domin ko a inda malami ke bayani da Larabci, manyan littattafan likitanci da Turanci suke. Watannin jiran ƙabul, a kashe su a kan Turanci, ya fi a kashe su a kan waya.

Ga 'ya mace akwai ƙarin magana, kuma gara a yi ta tun yanzu. In akwai maganar aure, a zauna da dangin mijin a faɗa musu shekarun a fili: shida da ɗaya, bakwai. A ji bakinsu a gaban shaidu. Mun ga 'yan mata masu ƙwazo da aka cire a aji uku, an yi asarar dukiya, an yi asarar karatu. Mu kuwa muna bukatarsu. Mata nawa ne a ƙauyukanmu ke ɓoye ciwo har ya yi ƙarfi don ba sa son namiji ya duba su?

Ta huɗu, in hanya ta yanke, me zai rage a hannu? Ku tambayi makarantar: wanda ya tsaya a aji uku, ana ba shi wata takarda? Ana mayar da shi wani sashe a lissafa masa shekarun da ya yi? In an rufe saboda tashin hankali, ina za a kai ɗalibai? Ba fata muke yi ba. Amma ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma wata ƙofa da dattijonmu bai ambata ba: sake zama jarrabawar. Wanda maki kaɗan ya rage masa, kuma ya san inda ya yi rauni, shekara guda ta maimaici ta fi arha nesa ba kusa ba a kan shekara shida na kujerar kuɗi. Ɗalibai da yawa sun bi ta nan sun shiga. Sharaɗin shi ne a samu malamai da wurin karatu na gaske, kuma a yanke tun farko cewa sau ɗaya za a gwada. Sannan lokacin cike fom, a duba ko akwai kason da aka ware wa 'yan jiha a jami'ar da ake nema, a kuma dubi makin da aka tsaya a kai bara, kada a cika zaɓi da manyan sunaye kawai a tashi a tutar babu.

Kafin in amsa wa Baba, bari in cire wani ƙaiƙayi. Mun saba ɗaukar duk wanda bai zama daktor ba a matsayin wanda ya faɗi. Ku faɗa mini, a ƙauyukan bakin Rahad da Atbara, inda kala'azar ke kama yara, zazzaɓi ya ƙi sauka, saifa ta kumbura, wa ke fara ganin yaron? Mataimakin likita ne. Wa ke duba jinin ya ce ita ce? Mai gwaje-gwaje ne. Wa ke yin allurar nan ta kwana goma sha bakwai, kullum ba fashi? Ma'aikaciyar jinya ce. Wa ake tasa da tsakar dare a damina, lokacin da laka ta hana mota motsi? Ungozoma ce. Makarantar ungozoma ta Omdurman tun 1921 take, ta ma girmi makarantar likitocin. Ga kuma likitan dabbobi, wanda ku makiyaya kun san ranar da annoba ta shiga garke ya fi muku kowa. Waɗannan ba ragowar likitanci ba ne, sana'o'i ne masu cin gashin kansu. Wanda zai shige su ya shiga da niyyar zama gwani a cikinsu. In daga baya Allah ya buɗe wata ƙofa, a nan ko a wata ƙasa, ya shiga da ƙafar dama yana da abin yi. In ba ta buɗe ba, bai yi asara ba.

To Baba, ga amsata, kuma shawara ce ta ɗa ga uba, hukunci naku ne. In 'yarku maki kaɗan ya rage mata, kuma har yanzu zuciyarta na kan likitanci, ku ba ta shekara guda ta sake zama. In kun lissafa kun ga garke zai ɗauki shekara bakwai ba tare da an taɓa uwaye ba, kuma makarantar ta amsa tambayoyin nan uku, to ku bi miƙaƙƙiya, Allah ya sa albarka. In kuwa lissafin bai fita ba, kada ku ji kunyar kowa. Ta karɓi jinya ko gwaje-gwaje ta ƙabul na gama-gari, ta riƙe takardarta. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Abu ɗaya dai nake roƙo: kada ku sayar da ko tunkiya ɗaya saboda alkawarin baki. Kuma kafin ku yanke, ku kira ta ku zaunar da ita, ku ce, "'Yata, ga abin da muke da shi, ga abin da hanya ke ci, me kika gani?" Yarinyar da ta ci tamanin da 'yan kai a irin shekarun nan da muka shiga, tana da hankalin da za a yi shawara da ita.

Jama'a, lokaci ya yi mana halinsa. Wanda ke da ɗa ko 'ya a kwalejin likitanci, ko wanda ya bi mai zango-zango ya isa, ya aiko mana da saƙo ya faɗa mana yadda ta kaya, domin wani ya amfana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zo da bayanin yadda ake cike fom ɗin ƙabul ta waya, mataki-mataki, saboda waɗanda ke nesa da gari.

Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya mayar da kowa gidansa, ya yi wa 'ya'yanmu albarka. Na rugage, Allah ya tsare garke. Na kan hanya, Allah ya kai ku lafiya. A kwana lafiya.